Na Ba Ta ko Na Ɓata

Ƙauran Namoda, Talata ta ƙarshe ga watan Sha'aban, ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma. Yau jiharmu ta Zamfara tana da shekara bakwai da kwana ashirin. Ina zaune a shago, ƙyaure ɗaya a rufe, ɗaya a buɗe. Babu wuta tun hantsi, ban kuma ga dalilin tayar da janareta don wasiƙa ɗaya ba, shi ya sa ka ga biro. Kai kana Sakajiki wurin sallamar kawunnanka, motarka ta Legas kuma gobe Laraba bayan sallar asuba.

Malami,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwar uwa, ina roƙon Allah Ya kai ka lafiya, Ya tsare gabanka da bayanka, Ya haɗa ka da mutanen kirki a inda ba ka san kowa ba. Ka san ba na iya zama in yi doguwar magana da kai ido da ido. Ɗan fari ne kai, haka aka rene ni, ko sunanka na yanka ban taɓa kira ba. Takarda kuwa ba ta san kunya ba. Zan sa wannan a ƙasan jakarka, ƙarƙashin dardumar salla. Ka karanta in kun wuce Funtuwa.

Kwana goma sha ɗaya ke nan da aka kafe sakamakonmu a Sakkwato. Na gama digirin Hausa ina da shekara arba'in da biyu, bayan shekara biyar da na yi ina zuwa karatu a dogon hutun makaranta na damina. Kai kuma ka gama difloma ta kwamfuta, kamfanin waya ya ɗauke ka aikin shigar da sunayen masu sayen layi. Mata suna ta shigowa barka, wai gida ɗaya mutum biyu sun gama karatu. Ina amsawa da fara'a, kuma wallahi ina jin daɗi. Amma da safen nan na tsaya gaban alƙali na faɗi kuskurena da bakina, kuma kan wannan kuskure nake son yi maka wasiyya, domin aikin da za ka je yi ɗan'uwan nawa ne. Ka san ƙarshen maganar. Farkonta ba ka sani ba, lokacin kana Gusau wurin koyon aiki. Zan faɗa maka bi da bi.

Shekarar da ta biyo bayan kafa jiha na buɗe shagon nan da tsohuwar tafireta. Ina tashi daga firamare ƙarfe ɗaya da rabi, in zauna nan daga biyu zuwa biyar. Kowa a lokacin takarda yake nema: ta neman aiki, ta shaidar asali, ta fili. Tafireta ba ta da ƙa, ba ta da ɗa, ba ta da ɓa, don waɗanda suka ƙera ta ba su san da mu ba. Saboda haka in na zare takarda sai in ɗauki baƙin biro in bi layi-layi ina sa wa haruffa ƙugiyarsu. Shafi ɗaya yakan ci mini minti huɗu. Na sani domin na taɓa aunawa da agogo.

Da aka ƙaddamar da Shari'a sai aikin ya sake kama. Mutane suka fara zuwa da maganar gado, da kyauta, da wasiyya, kowa yana so ya bar abu a rubuce kafin ya kwanta dama. Mata da yawa da ba su taɓa tambayar haƙƙinsu ba suka fara tambaya. Layi ya yi tsawo. Babanku ya taimaka na sayo kwamfuta ta hannu daga Kano. Ita ma ba ta da ƙugiya. Watannin farko na ci gaba da bin takarda da biro. Sai wasu samari suka buɗe shago a tsallaken titi, hannunsu ya fi nawa sauri, takardarsu tana fita fes ba ɗigon tawada. Wani ɗan kasuwa ya taɓa miƙo mini tawa ya ce, "Malama, wannan zane-zanen fa? Na tsallake ba su ɓata wa mutum takarda." Da shafi ake biyana, ba wanda ya taɓa biyan ƙugiya. Na ajiye biro. Na gaya wa kaina ai kowa yana ganewa.

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma a nan nasihata ta fara. Inda za ka, za a ƙirga maka aiki. Za a ce sunaye kaza a yini, wanda ya fi yawa shi ne gwani. Ban ce mugun abu ne ba, kasuwa dole ta yi awo, mu ma da mudu muke sayen gero. Amma mudu bai san komai ba sai abin da ya shiga cikinsa. Duk aikin da ake biya da ƙirge yana da wani ɗan ɓangare da ba a ƙirgawa, kuma shi hannu yake fara yarwa in ya gaji. Ranar farko da ka zauna, ka nemo wannan ɓangaren a aikinka, ka san shi, ka riƙe shi. Ba wanda zai yabe ka a kansa. Ni ma shekara huɗu ina sa ƙugiya ba wanda ya ce sannu.

Shekara biyu da wata biyar da suka wuce, ranar wata Asabar, wani tsoho ya zo daga Dauran, sunansa Baba Ɗanjumma. Tare yake da maƙwabtansa biyu da za su zama shaidu. Yana tari, amma hankalinsa garau. Ya zauna a bencin nan ya ce, "Ɗiyata, rubuta min abin da ni ka so a sani in na tahi." Kamar yadda na saba, na fara ɗaukar maganarsa da hannu a littafin makaranta, kafin in buga. Ya yi godiya ga Allah, ya lissafa gonakinsa da rumbunansa, ya ja kunnen ɗansa Sahabi kan zumunci. Can kusa da ƙarshe ya ce:

"Tumba ƙanwata ita tay yi jinyata shekara tara. Na ba ta gonab bakin hanya halak malak, tun shekarad da anka yi jiha. Halak malak. Kada kowa ya sa ta cikin gado."

Haka yake a littafina, har da maimaicin. Da na zo bugawa sai na ga maganar ta tsallaka shafi na biyu da layi uku. Mutum shida suna jira a waje. Na ce wa kaina bari in tausaya wa tsoho kada ya biya shafi biyu. Gaskiyar ita ce rabi tausayi ne, rabi ina so ya tashi a ba na gaba wuri. Na ɗauke jimlar da ke da sunan Tumba na mayar da ita sama, cikin godiyar da ya yi wa 'yan'uwa. Na cire "halak malak", wai maimaici ne. Na mayar da "anka" ta koma "aka", don haka aka koya mana a rubuta. Garin sauri kuma babban yatsana bai taɓa maɓallin tazara ba. Abin da ya fito shi ne:

"Na bata gonar bakin hanya tun shekarar da aka yi jiha, kada kowa ya sa ta cikin gado."

Na karanta masa da ƙarfi. Bakina ya faɗi "na ba ta" daidai, domin na san abin da ake nufi, muryata ta sa abin da takardar ba ta da shi. Ya gyaɗa kai, ya dangwala yatsa, shaidu suka dangwala.

Kuskure na biyu ke nan, kuma ya fi na farko. Na ɗauka ni na fi tsohon sanin yadda ya kamata maganarsa ta kasance. Mutumin da ya maimaita kalma sau biyu a gaban shaidu ya san abin da yake tsoro. Ni da nake karatun jami'a na ji maimaicin na kira shi ƙauyanci. Malami, mutane za su tsaya gabanka su faɗi sunansu da garinsu. Wani zai ce Ɗahiru, wani Ƙasimu, wata Ɗayyaba. Akwatin da ke cikin injin zai yi musu kaɗan ko ya rasa harafinsu. Kada ka datse mutum don ya shiga akwati ba tare da ka gaya masa ba. In dole ne, ka juya masa fuskar injin ya gani, ko ka karanta masa harafi-harafi abin da ke rubuce, ba abin da ke cikin kanka ba. Sunan da ka shigar zai bi shi wuraren da kai ba za ka je ba, ya yi magana a madadinsa ranar da ba ya nan.

Kuma kada ka ji kunyar harshenka. Za su ji ka ce "mi" da "munka" su yi dariya, har 'yan'uwanmu Kanawa. Ka yi dariyar tare da su, ka ci gaba da faɗa. Ka koyi Turancinsu da Yarabancinsu iyakar iyawarka, ilimi ne. Ni na shekara biyar ina goge Zamfarancin bakina a Sakkwato don kada a ce malama ba ta waye ba, sai a aji na ƙarshe wani malaminmu ya sa muka yi wata guda muna nazarin irin maganar da kakarka take yi a bakin murhu. Ko sunan garinmu dubi yadda allunan hanya suka mai da shi. Sun cire masa ƙugiya, ƙaura ta koma kaura, garin da aka taso aka zauna ya zama sunan dawa. Mun saba har ba ma gani.

Baba Ɗanjumma ya rasu bara da kaka. Ba a yi rigima ba, don gonar bakin hanya ba abin so ba ce. Shekarar da aka yi jiha kowa gini yake, tsohon ya bar masu tubali suka haƙe gefenta na gabas, ya zama rami. Sauran rabin Gwaggo Tumba take sa a noma mata wake da gyaɗa, da shi take ci, ba ta da ɗa, mijinta ya daɗe da rasuwa. Sai bana kafin saukar damina wasu mutane suka zo da farar mota da na'urar awo, suka ce tudun gonar ya dace da dogon ƙarfen waya, za su kama hayar wurin shekaru masu yawa. Ƙasar ba ta canja ba, ramin yana nan inda yake. Abin da ya canja shi ne wani a wani ofis mai nisa ya ɗiga alama a taswira. Cikin mako ɗaya gonar da ba mai kallo ta zama ita ce dukiyar gidan.

Sahabi ya ɗauko takardata. Ya ce babansa cewa ya yi "na ɓata gonar", wato da ramin tubali, shi ya sa ya ce kada a wahalar da kai wurin raba ta, a bar ta hannun babban ɗa. Noman da gwaggonsa take yi kuwa, in ji shi, aro ne. Ka lura da wannan, domin nan abin yake: da na sa wa sauran haruffan takardar ƙugiyarsu, da "bata" marar ƙugiya ta tsaya a "ba ta", ba mai musu. Amma tun daga sama har ƙasa babu ƙugiya ko ɗaya. Ɗana "dana" ne, ƙanwata "kanwata" ce. Saboda haka ba mai iya cewa wannan ba ɓa ba ce. Minti huɗun da na yi wa kaina tanadi su ne suka ba Sahabi ƙofa.

Gwaggo Tumba ta zo nan ranar da nake haɗa kayan tafiya zangon ƙarshe. Ta sauka daga mota da takardar a ƙulle cikin gefen zane. Ta ce, "Malama, ke kika buga wagga?" Na ce ni ce. Ta ce, "To karanta min." Na duba, na ga abin da na yi. Ka san abin da na ce mata? Na ce, "Gwaggo, injin ne haka, ba shi da haruffanmu. Kuma mutane da yawa suke zuwa, ba zan iya tuna maganar kowa ba." Ta dube ni ta ce, "Ni ban san baƙi ba, ɗiyata, amma na san muryar yayana. Inji shi yaj ji shi, ko ke?" Na ba ta ruwa, na raka ta bakin titi.

Washegari Sahabi ya biyo, da sabuwar hula. Bai zauna ba. Ya ce, "Malama, na ji tsohuwa ta zo. Ni dai ban ƙara ba ban rage ba, ke kika buga, ni karatu kawai na yi. In kuma kin ce takardunki ba su da tabbas, sai a gaya wa gari kowa ya maido tashi." Ya yi dariya ya fita. Ya san inda zai taɓa. Na tafi Sakkwato da wannan a raina, na yi wata uku ina rubuta kundin kammala karatu. Kan me? Kan ƙa'idojin rubutun Hausa a takardun ofis. Babi guda na yi a kan ƙugiya da raba kalma, har na kawo misalin "ba ta" da "ɓata", ban ce daga ina na samo shi ba. An ba ni maki mai kyau.

Wannan ne kuskure na uku, wanda na fi jin kunyarsa. Na ɗora wa inji laifina. Injin bai matsar da sunan Tumba ba, bai cire "halak malak" ba, bai ce mata ya manta ba. Inda za ka, wannan magana za ta zama ruwan sha: inji ne, tsarin kamfani ne, daga sama aka ce. Wani lokaci gaskiya ne. Amma ka kula da yadda take da daɗin faɗa. Aikin zamani an yanka shi gunduwa-gunduwa, kowa da ɗan yankinsa, ta yadda in an cuci mutum sai a rasa wanda ya cuce shi. Manomi in kunyarsa ta karkace ya san hannunsa ne. Mai zama gaban inji yana iya shekara talatin bai taɓa ganin fuskar wanda aikinsa ya faɗa wa ba. Ni Allah Ya taimake ni, tawa ta zo har shago ta zauna a benci. Kai mai yiwuwa naka ba za su taɓa zuwa ba. Sai ka riƙa tuna cewa suna nan.

Sauran ka sani, amma bari in faɗa maka yadda na gan shi daga nan. Na dawo na tarar ka share shagon, ka jera tsoffin littattafaina shekara-shekara. Ɗaya ka ɗora a kan kundina, a buɗe, ka danne da biro. Ka ce, "Inna, na ga wannan wurin shara. Ban sani ba ko na aikin makarantarku ne." Ka fita. Ka san ba na makaranta ba ne. Ka ji a gari cewa maganar gonar ta kai kotu, ka zauna ka bi littafi goma sha huɗu shafi-shafi har ka samo ranar. Ba ka ɗaga mini murya ba, ba ka kai wa babanku ba, ba ka kuma bar mini wurin ɓuya ba. Na zauna ina kallon rubutun hannuna, "halak malak" sau biyu. Na sha jin daɗinka tun kana ƙarami, ranar saukarka, ranar da sakamakonka ya fito. Ban taɓa jin irin na wannan rana ba, ko da yake kuka nake yi. Ban iya gaya maka ba. Ga shi na gaya maka.

Shaidun takardar biyu ne, ɗaya ya rasu. Ɗayan, Mamman Dogo, ya koma awon hatsi a Shinkafi. Kai ka ɗauke ni muka je ranar kasuwa, muka yi ta tambaya rumfa-rumfa har azahar. Ka tuna yadda ya yi da na nuna masa takardar? Ya ce, "Malama, ni yatsa na ba ku, ban ba ku ido ba. Yatsa kuwa bai karatu." Na ce to me ya ji da kunnensa. Ya ajiye mudu ya ce, "Halak malak. Sau biyu yaf faɗa, har nac ce mai, Ɗanjumma, kurame ka ɗauke mu?" Da ka ce za ka biya masa kuɗin mota zuwa kotu, sai ya ce, "Yaro, riƙe abinka. In an fara sayen shaida da kuɗin mota, gobe sai a saye ta da mota."

Yau ƙarfe goma saura kwata aka kira mu. Ka raka ni har ƙofa. Na miƙa littafin da takardar. Na bayyana abu huɗu da na yi, ɗaya bayan ɗaya: na matsar da jimla, na cire kalma, na haɗe "ba" da "ta", na bar takarda ba ƙugiya. Sahabi ya ce littafi ai ana iya rubuta shi jiya. Alƙali ya juya shafukan gaba da baya, ya ga maganganun wasu mutane kafin ta tsohon da bayanta, da ranakunsu. Sannan ya ce, "Malama, tsohuwar nan ta ce ta zo wurinki tun farkon damina. Me ya hana ki magana sai yanzu?" Na shirya amsoshi uku a hanya. Da na buɗe baki sai na ce, "Allah Ya gafarta Malam, tsoro." Ya rubuta. Mamman Dogo ya ba da tasa shaidar. An ɗaga zama sai bayan Salla, an kuma ce Gwaggo Tumba ta roro wakenta kafin nan, kada kowa ya kafa komai a gonar.

A waje ta kama hannuna ta ce, "Kin daɗe ba ki taho ba." Na ce na daɗe, Gwaggo. Ta ce, "To, kin dai taho." Daga nan ta shiga tambayata ko na san mai maganin ciwon gwiwa.

Labari ya riga ni isowa gida. Mutum biyu sun zo da azahar da takardun da na buga musu, suna so a duba. Na duba, na gyara ɗaya. Na sa a gaya wa duk wanda ke da takardata ta gado ko ta kyauta ya kawo, in gwada ta da littafi, in sake bugawa ba ko kwabo. Yanzu da ka sa mini haruffan nan masu ƙugiya a cikin kwamfuta, aikin ba zai yi wuya ba. Shekara biyu ina cewa injin ba shi da su, kai ka zo da su cikin ɗan faifai a aljihun riga, ka sa su kafin shayi ya huce. Ashe ana iya koya masa. Wannan ma ka tafi da shi: kada ka tsani inji, kada kuma ka yi masa ladabi. Mutane ne suka yanke abin da zai sani da abin da ba zai sani ba, kuma ba su tambaye mu ba don ba mu wurin. Yanzu kai za ka kasance a wurin. In ka samu dama, ka tambayi na sama da kai me ya sa ba a sa haruffanmu. Ka tambaya da ladabi, ka sake tambaya bayan wata uku. Mai yiwuwa su ce ba riba a ciki. Ka ji, ka adana, wata rana kai ne na sama.

Abu ɗaya kuma. Za ka ga kuɗi a Legas irin wanda ba ka taɓa gani ba, za ka ga mutanen da ake auna su da wayar da ke hannunsu. Ka nemi naka ta halal, ban haife ka don ka zauna da talauci ba, kuma wayar da ka ce za ka saya mini ina jira. Amma ka tuna da tudun Dauran. Wata ɗaya rami ne, wata na gaba dukiya, kuma bai san an yi ba. Haka za a yi ta yi da kai, yau a ce kana da daraja, gobe a ce an samu wanda ya fi ka sauri. Kada ka karɓi ko ɗaya a matsayin labarin kanka. Sahabi ba mugu ba ne tun asali, na san matarsa, na koyar da 'ya'yansa biyu. Farar mota ce ta tsaya a gonar, ya wayi gari yana karanta maganar babansa da wani ido.

Ka riƙe salla a kan lokaci ko da layi ya kai titi. Azumi saura kwana biyar ko shida, gwargwadon ganin wata, ka nemi inda 'yan arewa ke buɗa baki kada ka sha ruwa kai kaɗai. Na sa maka ƙuli-ƙuli da yaji a baƙar leda, da kilishin da kawunka ya aiko. Maganin zazzaɓi yana aljihun gefe.

Ka san ni, ba na son in faɗi abin da ban tabbatar ba. Saboda haka ga abin da har yanzu ban sani ba, ƙarfe shida saura minti goma:

Ban san hukuncin da alƙali zai yanke ba, ko shaidar Mamman Dogo da littafina za su isa, ko sai an sa Gwaggo Tumba ta yi rantsuwa.

Ban san ko masu ƙarfen waya za su jira har bayan Salla ba, ko za su nemi wani tudun, a bar kowa da ramin tubali.

Ban san ko Sahabi ya yarda da karatunsa a zuciyarsa ba, ko ya san gaskiya tun ranar farko.

Ban san takardu nawa na buga ba ƙugiya da ke kwance cikin akwatunan mutane suna jiran mai su ya mutu ba. Littattafan sun nuna mini waɗanda suka zo, ba su nuna inda suke yanzu ba.

Ban san ko gari zai ci gaba da kawo mini aiki ba.

Ban san ko Baba Ɗanjumma zai yafe mini ba. Ranar nan da zai fita ya ninke takardar gida huɗu, ya sa a aljihun ƙirji, ya dafa ta da hannu ya ce, "Yanzu ko yau anka kira ni, Tumba ta tsira." Da wannan ya tafi kabarinsa. Ka taya ni roƙon Allah Ya sa maganarsa ta tabbata.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya sauke ka lafiya, Ya tsare idonka da hannunka da abincinka. Allah Ya sa ka gama da duniya lafiya, Ya ba ka 'ya'yan da za su yi maka abin da ka yi mini. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini.

Wassalam.

Mahaifiyarka.